Nomau da Ayarin Kudu

Duk Zangon Damagaram ba wanda bai san Nomau ba, bawan falke Suma'ila. Dogo ne mai sanyin hali, in ya ɗaura wa raƙumi kaya, har Agadas ba sa karkacewa. Amma ka ce masa, "Fura za ka sha ko kunu?" sai bawan Allah ya tsaya sosa ƙeya, yana jiran maigida ya zaɓa masa. Tun yana yaro aka kamo shi daga wani ƙauye can kudu, ga shi har furfura ta fara leƙowa.

Da Faransawa suka yi shelar ba sauran bauta, wasu murna suka yi, Nomau kuwa ya rasa inda zai dosa. Ana nan sai wani ɗan ayari ya ce masa ya baro tsohuwar Nomau da rai a ƙauyensu, kuma ran Laraba za su koma ta ƙauyen. Ya bi su ne, ko ya zauna inda ya saba?

Ya durƙusa gaban Suma'ila. "Baba, me ka ce?"

"Yanzu ba ni da ta cewa a kanka, Nomau. In ka zauna, ga ɗakinka. In za ka tafi, ga guzuri."

Wannan amsa ta fi masa duka ciwo. Ya je wajen liman, liman ya ce ya yi istihara. Ya yi, bai ga komai a mafarki ba sai raƙuma.

Akwai wani masassaƙi Kirista, mutumin Dahome, mai yi wa Nasara ƙofofi a bariki, sukan raba goro. Nomau ya kwashe duka ya gaya masa.

Masassaƙin ya ce, "Abokina, mu ma mun san Annabi Ibrahim. A wajenmu, Allah ya ce masa ya tashi ya bar gida, bai faɗa masa masauki ba. Kana tsammani bai ji tsoro ba? Da tsoron nasa ya tashi."

"Shi ai an ce masa tashi," in ji Nomau. "Ni ba wanda ya ce mini komai."



Ran Laraba da hantsi sai ga Nomau a bakin ayari, buzunsa a kafaɗa. Madugu ya ɗauka saƙo ya kawo, ya ce, "Nomau, wa ya aiko ka?"

Ya buɗe baki zai kira sunan maigida, ya rufe.

"Ba kowa," ya ce. "Ni ne."

Ya bi bayan jakuna, yana tafe yana share hawaye.