Wadda Ta Fara Kawo Ruwa

A gidanmu na Jigwada ba a jiran a gama tuwo kafin a fara tatsuniya. Kakata Iya Dije tana tuƙi tana ba mu labari, mu jikoki mun kewaye murhu muna gasa gyaɗa a toka. Mace ce mai tsokana, kowa da sunan da ta laƙa masa. Amma akwai labari ɗaya da in za ta ba da shi ba ta taɓa kowa.

"Ku ajiye gyaɗar nan," in ji ta, "ta yau ba ta dariya ba ce."

Wai a wani ƙauye wata yarinya ta nitse a rafi. Bayan kwana bakwai ƙawarta ta je ɗiban ruwa, ta yanke jiki ta faɗi tana karkarwa. Kashegari biyu suka faɗi, kafin mako ya zagayo sun fi goma. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, faɗuwa ba ta tsaya ba. Sai dattawa suka riƙa tambayar duk wadda ta farfaɗo, "Wa kika gani?" Kowacce sai ta ce Tabawa mai daddawa. Aka kori Tabawa daga garin da goyo a bayanta.

Na ce, "Iya, mayya ce?"

"Wace irin mayya? Gidanta ne a bakin rafi, ita ke fara isowa da gudu ta yayyafa musu ruwa. In kin buɗe ido, wa za ki gani in ba wadda ta sunkuya a kanki ba?"

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da na kama koyarwa a wata makarantar kwana ta 'yan mata a hanyar Garaku. Ana gab da jarrabawa wata ɗaliba ta rasu, yara suka fara faɗuwa a aji suna ihu. An auna jini, an auna ruwa da abinci, ba a sami komai ba. Wata likita ta ce mana yaran ba ƙarya suke yi ba, firgici da baƙin ciki ne ke tsallakawa daga wannan zuwa waccan, in an raba su an kwantar musu da hankali zai wuce. Iyaye ba su gamsu ba. Suka kawo mai ruƙiyya, aka shiga tambayar yaran wa suke gani.

Ni da na san labarin, duk lokacin da yarinya ta faɗi sai in ja baya in ce a kira nas. Mama Laraba mai dafa abinci ba ta san shi ba. Ita ke barin tukunya ta sheƙo da bokiti, ta ɗora kan yarinya a cinyarta. Sunanta yaran suka kira.

A taron da aka yanke shawarar sallamarta ina zaune, amsar tana bakina, na yi shiru saboda tsoro. Har yau ina jin kunyar wannan shirun. Iya ta ba mu labarin ne don mu tsaya wa Tabawa, ni kuwa abin da na koya shi ne kada in zama ita.

Ranar da za ta tafi ta same ni a ƙofar aji da jakarta a ka.

"Malama, don Allah ki riƙa duba min Hauwa 'yar aji biyu. Tun da ƙawarta ta rasu ba ta cin abinci sai an zauna da ita."

Hauwa ce ta fara ambaton sunanta. Na ce to, ban iya ɗaga kai na dube ta ba.