Motar 'Yan Sanda da Alhaji Ya Saya a Gwanjo

Mijin yayata bai iya tuƙi ba. Sau uku yana zuwa jarrabawar permi, wato lasisin tuƙi, a Paris, sau uku ana kayar da shi. A na ukun ma mai jarrabawar ne ya taka birki da kansa, ya ce masa ya sauka ya hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya fi masa alheri. Amma duk cikin 'yan ƙasarmu da ke kasuwanci a unguwar Belleville a shekarun tamanin ɗin nan, babu wanda ya kai shi zancen mota. Kanti gare shi na shadda da turare da darduma, kuma Allah ya buɗa masa daidai gwargwado. Alhaji muke ce masa, har da ita yayar tawa. Ni kuwa a lokacin direban wani gidan burodi ne, ina zaune a wurinsu a unguwar La Courneuve, hawa na tara, a ɗakin da suke tara kwalayen turare.

Wata rana da hantsi yana tsaye a bakin kanti, sai ga motar 'yan sandan farin kaya ta biyo wani a guje. Irin manyan nan ce masu ƙofa huɗu, marasa rubutu a jiki, waɗanda aka sa wa inji mai ƙarfi don kora. Wanda ke gaba ya miƙo hannu ta taga ya manna shuɗiyar fitila a rufi, jiniya ta ɗauka, titin da kullum yake cushe ya dare biyu. Kowa ya ja da baya yana Allah ya kiyaye. Alhaji kaɗai ya bi ta da kallo baki buɗe.

Da muka zauna cin tuwo ya ce, "Yau na ga mota. Sauran duk amalanke ne."

Yaya ta ce, "To ci tuwonka, kada ya huce kana kan amalanke."

Bayan 'yan watanni ya ji ana gwanjon tsofaffin motocin hukuma a wani fili a bayan gari. Ya ja ni muka je, ni ne gwanin da zai duba masa. Tana can ƙarshen layi, shuɗiya mai duhu, tayoyinta faffaɗa, gabanta kamar fuskar mai fushi. A rufinta akwai huji biyu da aka toshe da roba, inda dā eriya take. A gaban direba ma ramuka ne, wurin da aka ciro rediyonsu. Kujerar baya ta lotsa, tana warin taba da tsohon gumi da wani abin da ban so in san ko mene ne ba. Ƙofofin baya kuwa an cire musu hannun buɗewa na ciki, don kada wanda aka kama ya fice.

Na ce, "Alhaji, abin da hukuma ta gaji da shi har ta sake, ba don kirki ta sake shi ba."

Ya ce, "Kai burodi ka sani. Tada ta in ji."

Na tada ta. Gaskiya ta yi gurnani mai daɗin ji, har ni ma ta burge ni. Alhaji ya ɗaga hannu a gwanjon nan har sai da kowa ya bar masa, shi da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ne kawai ma suke ja. Wannan kaɗai ya isa ya koya wa mai hankali wani abu.

Daga ranar na zama direbansa na ranar hutu, ba albashi, sai godiya, ita ma ba kullum ba. Shi baya yake zama, don manya baya suke zama. In mun isa sai in fito in zagaya in buɗe masa, tunda ba ta buɗuwa ta ciki. Wannan ya fi komai yi masa daɗi. Yakan jira sai mutane sun taru kafin ya sako ƙafa.

Ranar farko da muka tsaya da ita a gaban kanti, masu shimfiɗa kaya a gefen titi suka tattara tsummokaransu suka ɓace kafin in kashe inji. Wasu 'yan Chadi biyu da ke cikin kantin suna taya shadda suka ajiye ta suka sulale. Rabin masu sayen kayan Alhaji ba su da takardar zama, kuma babu abin da suka sani kamar ƙirar motar nan, ko daga nesa suka hango ta. Alhaji ya fito yana gyara babbar riga, ya dubi titin da ya zama wayam.

"Ka gani? Kwarjini ke nan."

Da na ba Yaya labari ta ce masa, "Alhaji, gudunka suke, ba girmama ka suke ba. Akuya ce ta yafa fatar kura. Kuraye ba za su karɓe ta ba, awaki kuma sun tsere mata."

Ya ce mata mace ba ta san mota ba.

A unguwarmu abin ya fi muni. Samarin wurin sun sha duka a kujerar bayan irin motocin nan, wataƙila ma wannan ɗin ce. Kwana biyu da zuwanta aka sako mata tukunyar fure daga sama, ta lotsa bayanta. Maƙwabcinmu Balarabe, wanda ke aiko mana da kuskus kowace Juma'a, ya daina amsa sallamarmu a matakala. Aka fara raɗe-raɗin Alhaji yana kai wa 'yan sanda rahoto, shi ya sa suka ba shi mota. A masallaci sahu ya riƙa yin faɗi a gefensa, hagu da dama. Mutumin da ko sunan titinmu bai iya faɗa daidai da Faransanci ba, wai shi ne ɗan rahoto. Da maganar ta iso kunnensa, wallahi bai ji haushi ba. Murmushi ya yi ya ce, "Ashe sun san ba sa'ansu ba ne ni."

Ana nan sai aka yi wa wani amininsa haihuwa a Lyon, wani malami ɗan Maradi da ke sayar da fata a can. Kowa jirgin ƙasa zai shiga, mai saurin nan da aka fara ba da daɗewa ba. Alhaji ya ce shi da motarsa za shi. Yaya ta ce ita da ƙafarta ba za ta shiga motar da aka ɗauki ɓarayi a ciki ba, ta bi jirgi da sauran mata. Muka kama hanya bayan sallar asuba, ni da shi da kwalin turare na mai jego.

Har muka yi nisa ina tafiya a hankali. Amma babbar hanyar nan shimfiɗaɗɗiya ce, kuma duk motar da ta hango mu a madubi sai ta kauce, tana zaton hukuma ce. Alhaji ya matso ya dafa kujerata.

"Taka ta."

"Alhaji, akwai doka."

"Dokar ai ita ce muke ciki. Taka ta, na ce. Ko burodi kake tsoron ya zube?"

Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Ni ma ina so in ga iyakarta. Na taka. Allura ta haura inda ban taɓa kai kowace mota ba, itatuwa suka zama zane ɗaya, Alhaji yana ta tafi a baya yana kiran sunan Allah kamar mai kallon dambe. Ba mu fi minti goma muna wannan shashanci ba na ga wata shuɗiyar mota a madubi. Ban ga lokacin da ta taso ba. Ta zo gefenmu ba tare da ko nishi ba, sabuwa fil, ƙanwar tamu ce da aka kawo bayan an yar da ita. Wanda ke ciki ya nuna mini gefen hanya da yatsa ɗaya.

'Yan sanda biyu suka fito, dattijo mai furfura a gashin baki da wani matashi ja kamar ɗanyen nama. Matashin ya karɓi takarduna, sannan ya buga tagar baya.

"Misye, fito."

Alhaji ya lalubi hannun ƙofa, babu. Ya tura da kafaɗa, ba ta motsa ba. Matashin ya ɗauka taurin kai ne, ya sake bugawa da ƙarfi, ya ɗora hannu a ƙugu inda bindiga take. Na yunƙura in je in buɗe, ya daka mini tsawa in tsaya inda nake. Alhaji yana ciki yana ɗaga hannuwa, yana ihu da Hausa, "Ba ta buɗuwa! Wallahi ba ta buɗuwa!" Faransancinsa duk ya gudu ya bar shi.

Dattijon ne ya gane. Ya fashe da dariya, ya zo ya buɗe daga waje, har da ɗora tafin hannu a kan hular Alhaji don kada ya bugi rufi, yadda suka saba yi wa wanda suka kamo. Suka sa mu dafa mota, ƙafafu a buɗe, suka lalube mu. Iskar manyan motocin kaya tana ɗaga babbar rigar Alhaji har kansa, masu wucewa suna rage gudu suna kallo. Suka zazzage kwalin turaren a kan ciyawa, suna buɗe kwalba ɗaya bayan ɗaya suna shinshinawa.

Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne yadda suka yi da motar. Dattijon ya zagaya ta yana shafa ta kamar ya gamu da tsohon dokinsa a kasuwa. Ya ce ya yi shekaru yana tuƙa irinta. Ya sa na buɗe inji, ya kira matashin yana nuna masa wannan da wancan, muryarsa ta yi laushi. Ya ga lotsawar tukunyar fure ya girgiza kai cikin tausayi. Mu kuwa da muke tsaye da rai da jini, fiye da awa ɗaya, ko sau ɗaya bai dubi fuskarmu ba. Da zai miƙo takardun Alhaji ma, ƙasa ya bari suka faɗi. Ƙarfe ya samu gaisuwa, mutum bai samu ba.

Kafin su tafi ya ce mini, "Ka san dalilin da ya sa muka rabu da su? In suka yi gudu irin wanda ka yi, inji yakan dafe. Ka yi addu'a ta kai ku."

Suka rubuta mini takardar zuwa gaban alƙali, suka shiga sabuwarsu suka ɓace.

Alhaji ya koma baya ya zauna, ni na rufe shi. Muka kama hanya, muka yi tafiya mai nisa. Can sai na ji ya gyara murya.

"Ka ji abin da ya ce ko? Ya ce ya tuƙa irinta. Ka ga su ma sun san mota ce."

Na ci gaba da tuƙina, don in na buɗe baki zumunci zai lalace.

Mun shiga Lyon bayan azahar, hayaƙi na fita ta gaba, tana tari kamar tsoho mai asma. An riga an raɗa suna, an ci nama. Sauran baƙi suna tsaye a ƙofar gidan suna sallama, sai suka ga mun kunno kai. Kafin in tsaya rabinsu sun watse, wani har ya bar takalminsa ɗaya. Mai gidan ya fito, da ya ga Alhaji ne sai ya riƙe baki.

"Alhaji, don girman Allah, a kai ta nesa. Ina da maƙwabta."

Ba ta kai nesan ba ma. A kwanar titi ta biyu ta yi wani ƙara ta mutu, kuma ba ta sake tashi ba. Makanikin da muka kira ya leƙa ya ce inji ya ƙone ƙurmus, gyaransa sai dai sabo. Washegari muka dawo Paris a jirgin ƙasa, Alhaji yana kusa da Yaya, ita kuwa tana kallon taga tana ta ƙoƙarin haɗiye dariya har da hawaye.

Alƙali ya karɓe permina na wasu watanni. Mai gidan burodi bai jira ni ba, ya ɗauki wani. Haka na koma kantin Alhaji ina auna shadda, shekara biyu cur, ina jin yana ba masu saye labarin ranar da 'yan sandan babbar hanya suka tsayar da shi don kawai su yaba motarsa. Masu sayen sun dawo kuwa, tun da aka daina ganinta a bakin kanti. Bai taɓa ce mini yi haƙuri ba. Sau ɗaya dai ya ba ni yadi biyar na shadda da Sallah, ya ce in riƙa sauraron na gaba da ni.

Na ɗauka a Lyon za ta ruɓe. Ashe ya sa an jawo ta har tashar jirgin ruwa, an haɗa ta da kayansa an kai gida. Da na je Damagaram bayan shekaru na tarar da ita a tsakar gidansu a kan duwatsu huɗu, ba taya, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Wani tsoho da ke zaune a zaure ya ga ina kallonta, ya matso ya rage murya.

"Gwamnatin Faransa ce ta ba Alhaji, saboda wani aiki da ya yi musu. Ba a faɗar irin aikin."

Na ce masa haka ne, Baba, ba a faɗa.