Gashin da Muke Zubarwa

Jiya a jirgin ƙasa na Metro wata mata ta gifta ni da rigar gashin dabba, sai na tuna kawuna, tsohon majemi mai warin bagaruwa a hannu. Ba ya taya fata sai ya shinshina.

Da ya zo Washington jinya, na kai shi gidan tarihi ya ga fatun da mafarautan dā suke kwasowa daga dazukan ƙanƙara. Ya kai hanci, gilashi ya tare shi.

"Ɗana, ba a gama jima ba, ga gashi nan."

"Kawu, ai gashin ake saye."

Ya juyo ya ce, "Abin da muke zubarwa ne ya raba mafarautan nan da gida?"

Ni ma ban koma gida ba, ko jana'izarsa da ya rasu a can. Allah Ya saukar da shi gidan da ba a bari.