Jatau Bajamushe, Mahaifin Sitti

Wata ranar Laraba ce cikin watan Zulƙida, ina aji uku a firamare, na dawo gida da kuka, jakata tana jan ƙasa. 'Yan ajinmu sun laƙaba mini "bissa", wato kyanwa, saboda idanuna ba baƙaƙe ba ne irin na kowa, ruwan toka ne. Na haye matakalar gidanmu da ke Balad a Jidda, tsohon gini na dutsen teku mai tagogin katako, na iske kakata a saman soro tana wanke waken ƙosai. Sitti muke ce mata, kamar yadda 'ya'yan maƙwabtanmu Larabawa ke kiran tasu kakar. Da ta ji abin da ya faru sai ta yi ta dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta goge hannu a zane, ta jawo ni, ta ware idanunta a gabana. Kullum ina ganinsu, amma sai ranar na lura irin nawa ne sak. Ta ce, "Ni da ke gadon Jatau muka ci. Zauna ki ji."

Jatau mahaifinta ne, kuma Bajamushe ne. Ya zo Garwa ta ƙasar Kamaru a zamanin da Jamus ke riƙe da wajen. Ba soja ba ne, ba kuma mai mulki ba, kafinta ne da wasu 'yan kasuwa suka ɗauko ya gina musu rumbunan kaya a bakin kogi. Aiki ya ƙare, 'yan uwansa suka juya, shi kuwa ya kama ɗaki a unguwar Hausawa, ya musulunta, ya auri 'yar wani falke Bakano. Sunansa na yanka ya gagari bakin mutane, sai suka bi launin fatarsa suka ce Jatau. Abin da Sitti ta riƙe nasa kaɗan ne: ƙamshin ɓawon katako a rigarsa, yadda yake saɓa ta a wuya su je kogi, ƙaramin yatsansa na hagu da zarto ya guntule, sai kuma Hausarsa da ba ta bambanta mace da namiji. "Kai, Baturiya, zo ka ci tuwo," haka yake kiranta.

Tana ƙarama yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawa, sojoji suka tattara duk wani Bajamushe suka tafi da shi. Mahaifiyarta ta jira har ta gaji, sannan ta goya ta suka bi ayarin alhazai a ƙafa, suna yada zango suna aikatau, har suka haye teku suka zauna a Jidda. Sitti ta ce, "Uwata ta rasu tana cewa ya koma ƙasarsu ya manta da mu. Ni zuciyata ba ta yarda ba, amma ba ni da mai faɗa mini."

A wancan lokaci gidanmu kasuwa yake zama idan aikin Hajji ya gabato. Alhazan ƙasar Hausa kan yi kwanaki a Jidda kafin su wuce Makka, kuma da sun gaji da ful da tamis, wato wake da gurasar Larabawa, sai ƙamshin ƙosai ya jawo su lungunmu. Ummi na suya, Sitti na dama kunu, ni da yayana Auwalu muna hawa da sauka da kwanuka. Mu ke kai markaɗe, mu ke jiran mai ruwa da garewaninsa, mu ke korar awakin maƙwabta daga bakin ƙofa. Idan aiki ya lafa mu haye soro mu yi 'yar carafke da duwatsun bakin teku, ko mu yi ɓuya a cikin shanya, tantabaru na tashi a kanmu. Tun da na yi wayo nake jin Sitti tana tambayar kowane baƙo, "Alhaji, daga wane gari?" Na ɗauka gaisuwa ce. Bayan labarin Jatau ne na gane neman mutumin Garwa take yi.

Daga nan ni da Auwalu muka mayar da abin namu. Muka shiga gasa, kowa na son ya riga ɗan uwansa samo Bagarwe. Mun samo na Marwa, mun samo na Yola, har wani Bazazzagi mun taɓa jawowa don kawai ya ce ya ratsa ta Garwa da shanu. Sitti ta ba shi kunu, suka sha hira, ya tafi. Mutanen Garwa na gaske ma sun zo, sai dai duk matasa ne, ba su san zancen ba. A makaranta kuwa na daina kuka. Duk wadda ta ce mini bissa sai in ce mata kakan babana ya fi nata kakan iya gyara ƙofa.

Ina aji biyar, wata rana bayan la'asar, na ga wani dattijo siriri zaune a kan dakalinmu yana fifita da hularsa. Na kai masa ruwa, na yi tambayar da na saba. Ya ce sunansa Malam Hamadu, daga Garwa. Na ce, "Baba, ko ka taɓa jin wani kafinta Jatau?" Ya ajiye kofin, ya dube ni ya daɗe, sannan ya naɗe ƙaramin yatsansa na hagu ya ɗaga mini hannun. Ban san lokacin da na isa saman soro ba.

Sitti ta sauko tana dafa bango, ta zauna nesa da shi kaɗan, suka gaisa. Malam Hamadu ya ce yana yaro kusa da rumfar Jatau gidansu yake, kuma allon karatunsa na farko shi ya sassaƙa masa. Ya kwaikwayi muryarsa, "Ke, Malam Liman, ina kwananki?" Duk alhazan da ke wurin suka fashe da dariya, Sitti ma har da riƙe ciki. Sai ta tsaya cak, ta ce, "Malam, kana yaro ka ce? Ai na girme ka, kafin nan an tafi da shi."

Ya ce, "Ya dawo, Hajiya. Bayan an sake su ya dawo, ya tarar kun yi gabas. Mutane suka ce masa alhazai na komowa, sai ya zauna. Duk ayarin da ya sauka daga Makka shi ne farkon zuwa taryarsa, yana tambayar wata mata da yarinya mai idonsa. A Garwa ya tsufa, ni kaina ina cikin waɗanda suka kai shi makwancinsa."

Na zaci Sitti za ta yi kuka mai yawa. Hawaye dai sun zubo, amma fuskarta kamar ta yarinyar da aka yi wa kayan Salla. Ta yi ta maimaita, "Ashe bai yar da mu ba." Ta sa Abba ya yanka rago, aka yi shinkafa aka raba wa duk lungun, Larabawa da Hausawa da Indiyawa. Malam Hamadu bai sake cin abinci a wani wuri ba har ya bar Jidda, kuma kullum sai ya tuno mata wani sabon abu: kujerar da Jatau ya yi wa masallaci, yadda barkono ke sa shi atishawa, yadda yara ke bin sa don ya yi musu motar katako.

Yanzu ina zaune a unguwar Bagdadiyya, nan cikin Jidda, da iyalina. Gidanmu na Balad an gyara shi, masu yawon buɗe ido ne ke ɗaukar hoto a ƙofarsa. Alhazai kuma daga filin jirgi mota ke wucewa da su kai tsaye, ba su da lokacin zama a dakalin kowa. Sitti ta rasu 'yan shekaru bayan zuwan Malam Hamadu, ni kuwa har yau Allah bai nufe ni da zuwa Garwa ba. Idan na ba 'ya'yana labarin da Hausa sukan amsa mini da Larabci, amma suna saurara har ƙarshe. Abin da na fi tunawa shi ne, a sauran kwanakinta Sitti ba ta ƙara tambayar baƙo garinsu ba, sai dai ta ce a ƙaro masa kunu.