Talatin Ko Arba'in a Gonar Malam Habu

Cikin shekarun da na yi ina jan igiyar awo, ranar da har yau ba ta fita raina ba ita ce wadda muka je gonar Malam Habu a fadamar Kirikasamma. Ku da kuka zo zamanin na'ura, aikina shi ne in riƙe bakin igiya in tsaya inda aka ce. Karatuna aji biyu ne, shi ma rabinsa a bakin kogi na yi shi.

Ambaliya ta janye ta shafe iyakoki. Irin tattasan Malam Habu ya isa dashe, maƙwabtansa biyu sun rantse ba zai sa fartanya ba sai an auna. Gonar mai kusurwa uku ce, ɗaya daidai take kamar ta bulo, a bakin kwalbatin da hanya ta haɗu da magudanar ruwa. Shaidarsa kawai wayar shingen da ta zagaye gonar, wadda ya naɗe kafin ruwa ya zo. Muka auna ta, mita ɗari da ashirin. A ofishinmu na awo kuma an san girman gonar murabba'in mita ɗari shida ne.

Shugabarmu, Madam Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, ta tsuguna tana zane a laka da tsinke. Ta ce tsawon wayar da girman gonar sun nuna dogon gefen mita hamsin ne, saura saba'in, sai a nemo lambobi biyu da in an haɗa su saba'in, in an ninka su dubu da ɗari biyu. Na yi ta gyaɗa kai kamar da ni ake.

"Talatin da arba'in," in ji ta.

To, arba'in ɗin ta ina za ta bi? Maƙwabcin bakin hanya ya ce ta magudana, har kakansa ya sani. Na bakin magudana ya ce ta hanya, shi ma da nasa kakan. Madam ta ce lissafi iyakarsa ke nan. Malam Habu ya dubi irin tattasansa.

Ni kuwa sai na ce a bar min, ai da tafin ƙafa nake gane ƙasar da ta saba da tattasai. Ƙarya nake, so nake a kalle ni. Na tuɓe takalmi, na bi magudana daga kwalbatin da baya-baya ina jan igiya ina lumshe ido. Santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a kan wani abu mai tsini. Ihun da na yi, shanun da ke tsallake sai da suka ɗago kai.

Aka tona laka, guntun turken tsohon shinge ne. Madam ta duba igiya, arba'in cif.

"Baba Sale, kar ka tashi tukuna, bari in sa alama," in ji ta.

Washegari Malam Habu ya yi dashe, ni kuwa a tsaye na dawo Haɗejia a bayan mota. Abin da na koya, a aikin awo kowa da abin da yake kawowa. Madam ta kawo ƙwaƙwalwa. Ni abin da na kawo, sai da aka gasa min shi da ruwan zafi.