Ruwan da Shamsu Ya Ƙi Yankewa

Malam Arzika manomin albasa ne a fadamar Zagga. A can aka haife shi, a can ya yi furfura, kuma ban taɓa ganin ya yarda da maganar mutum kafin ya gani da idonsa ba. Ko taki ya saya, sai ya kwance bakin buhun a gaban mai shago.

Bara aka sace masa injin ban ruwa. Wanda ya ɗauka Shamsu ne, wani magidanci mai dakon fetur a kan babur, kuma ya riga ya tsallaka da shi ƙasar Benin ya sayar. Da aka kama shi, mai gari ya kira zaman sulhu, ni ne na rubuta abin da aka yanke. Shamsu zai shayar da albasar Arzika da guga har a cire ta. Ranar cira Arzika zai faɗi ko ya gamsu. In bai gamsu ba, a miƙa Shamsu ga 'yan sanda.

Shamsu bai taɓa noma ba. Ya dai riƙa ja yana zubawa har tafin hannunsa ya fashe. Arzika kuwa yana binsa fangali fangali cikin shukar, yana cusa yatsa a ƙasa ya ji ko ruwan ya shiga. Ban da gaisuwa ba sa ce wa juna komai.

Da albasa ta ƙosa, Arzika ya ce masa, "Daga yau kada ka sake zuba ruwa." Bai faɗi dalili ba. Kowane manomi ya san ana yanke wa albasa ruwa kafin cira, in ba haka ba ta ruɓe a ajiya.

Washegari Arzika ya tarar da ƙasa a jiƙe. Rana ta biyu ma haka. Ya zo ƙofar mai gari yana haki.

"Wanga mutum ya sace mani inji, yanzu so yake ya ruɓar mani da albasa. Da gangan ne!"

Aka kira Shamsu. Mai gari ya ce, "Mi ya sa kake zubawa bayan an hana ka?"

"Ranka ya daɗe, an ce in shayar har a cire. Baba ya hana ni ba shaida ko ɗaya. Na ce tarko ne, in bari, ranar cira ya ce na gudu daga aiki."

"Ni zan haƙa maka tarko, kai ɓarawon inji?"

"Baba, kai da kake bin bayana da yatsa?"

Wasu suka yi dariya. Arzika bai yi ba.

Ranar cira an tarar da gefen gonar na gabas ya lalace. Shamsu na tsugune, matarsa Hamdiyya na tsaye daga nesa da goyo. Arzika ya daɗe yana juya wata ruɓaɓɓiyar albasa a hannu, sannan ya dube ni.

"Malam, rubuta na gamsu. Da mugunta yake nufi, da ya bar ta da ƙishi tun tana ƙarama. Wannan wauta ce, ita kuwa ba a kai ta ga 'yan sanda."

Bana Arzika ya sayi wani injin, kuma Shamsu ne ke kunna shi yana jan tiyo. Da yamma tsohon yakan kwance fulogin injin da kansa, ya sa a aljihu ya tafi gida.