Kwakwar da Aka Shuka wa Adassa

Mis Adassa Pinnock tana goga curin koko, irin wanda ake cakulan da shi, a kan magogi, kamar kowace safiya tun tana budurwa, sai ta ji mota ta tsaya a gindin tudu. Ba ta ɗaga kai ba. Ta zuba garin a ruwan zafi, ta sa kirfa da ɗan gishiri, ta jira ya yi kumfa. Ko wane ne, sai ya hau da ƙafarsa. Mota ba ta hawa gidan Pinnock.

Tudun nan mahaifinta, Mas Hezekiah, ya saya da gumin yankan rake, a can cikin duwatsun St. Mary inda hazo kan kwana a kan ganyen ayaba. 'Ya'ya huɗu ya haifa. Duk wanda aka haifa, sai ya binne cibiyarsa a ƙasa, ya shuka kwakwa a kai. Da suka yi wayo ya jera su ya nuna musu da bakin adda: "Daga kwakwarka zuwa rafi, naka ne." Rabon ke nan.

Da lokacin yi wa filin takarda ya zo, aka ce masa sai mai awo ya zo ya yanka shi huɗu, kowa da sunansa. Mas Hezekiah ya ga abin da tsada, ga kuma wahalar zirga-zirga. Ya ce a sa sunan babban ɗansa Cleveland kawai. "Zai riƙe wa kowa. Ba ciki ɗaya suka fito ba?"

Sai 'ya'yan suka watse. Cleveland ya tafi Ingila tuƙin bas. Biyu na tsakiya suka bi aiki, suka mutu a nesa ba su bar baya ba. Adassa, auta, ita ta zauna. Ita ta yi jinyar uwa, ta yi jinyar uba har ya koma kamar jariri a hannunta. Akwai wani magini, Eustace, da ya daɗe yana hawa tudun ranar Lahadi da hularsa a hannu, yana neman aurenta. Ya jira, ya jira, wata Lahadi bai hau ba. Ta binne iyayenta a bayan gida, duk Kirsimeti tana shafe kaburburan da farar ƙasa.

In Cleveland ya zo hutu, takan soya masa kifi, ta bari sai ya cika baki sannan ta ce, "Yaya, yaushe za mu sauka wurin lauya?"

"Ke Dassa! Kashe ni kike so ki yi tun ban ƙoshi ba? Wa kika taɓa gani ya rubuta wasiyya ya ƙara shekara?"

"To ai kai da tumbin nan ko mutuwa ta zo ba ta iya ɗaukarka."

Sai ya fashe da dariya har yana ƙwarewa. "Zuwa na gaba, ki guge min farar rigata, mu je. Wa zai taɓa ki ina raye?"

Ita ma sai ta yi dariya ta bar maganar. Kunya take ji, kada ya zaci tana tuhumarsa. Haka zuwa na gaba ya yi ta zuwa yana wucewa.

Wata shekara guguwar teku ta hau tudun, ta kwashe rufin kicin, ta tumɓuke kwakwa uku, har da tata. Adassa ta tsaya a bakin ramin tana duban jar ƙasa da tsinkakkun saiwoyi. Ta yi niyyar sake shukawa, amma me za ta binne a ƙarƙashi? Ciyawa ta rufe wurin. Bayan haka ba da jimawa ba waya ta zo daga Birmingham: Cleveland ya faɗi a banɗaki, bai sake magana ba har ya cika.

Wanda ya hau tudun a safiyar nan ɗansa ne, Denroy, yana haki, takalminsa duk laka. Sau biyu kacal ta taɓa ganinsa. Fuskar ubansa ce sak, wannan ne ma ya fi ciwo.

"Goggo, kin ƙara ƙuruciya."

"Kai kuma ka ƙara ƙarya. Zauna ka sha koko."

Ya sha, yana juya kofin a hannu, kafin ya iya faɗa. Filin ya faɗo musu, shi da mahaifiyarsa, wadda yanzu ba ta iya tashi. Wani mutum zai saya ya gina ɗakunan baƙi masu zuwa shan iska. Ya ce ta zo su sauka garin Port Maria, ta ji daga bakin lauya, kada ta ce shi ya ƙulla mata.

Ta sa hular zuwa coci ta bi shi.

Ofishin lauyar sanyi kamar cikin randa. Mace ce mai taushin murya, ta bari Adassa ta ba da labarin duka, cibiya da kwakwa da bakin adda, ba ta katse ta ba.

"Mama, wa ya ji lokacin da mahaifinki ya faɗi haka?"

"Mu huɗu."

"Sauran ukun fa?"

Adassa ta girgiza kai.

"Bishiyar tana nan?"

"Iska ta ɗauke ta."

Lauyar ta sauke ido. Ta ce sunan Cleveland ne a takarda, shi yake aiko harajin filin, kuma da yardarsa Adassa take zaune. Za a iya kai ƙara, amma a idon shari'a abin zai fi kama da baƙuwa da aka ba masauki.

"Baƙuwa," in ji Adassa. Ta ɗanɗana kalmar a hankali. "A ɗakin da aka yanke min cibiya."

Denroy ya matso da kujerarsa. "Goggo, ba a titi zan bar ki ba. Na samo miki ɗaki a gari, kusa da asibiti, da famfo a ciki. Ba sauran hawa tudu da gwiwoyin nan."

"Kakanka da kakarka fa? Su ma ka samo musu ɗaki da famfo?"

"Mutumin ya ce zai kewaye su da shinge. Za ki riƙa zuwa, in kin sanar da mai gadi."

Ta dube shi da kyau. Ta nemi mugunta a fuskarsa ba ta samu ba, sai gajiya, da idon yaron da ke son a ce masa ya kyauta. Ba wanda za ta zaga. Waɗanda suka yi mata wannan, biyu ne, uba da yaya, kuma duk ta so su. Ta ukun tana zaune cikin hular coci.

Lauyar ta turo mata biro da takardar amincewa da barin gidan, ta ce ba dole ba ne yau, amma zuwa ƙarshen wata mai sayen zai turo masu awo.

"Yanzu dai za su zo ke nan," in ji Adassa. "Masu awon."

Ta dafa teburin ta miƙe, gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Denroy ya zabura da makullin mota.

"Goggo, bari in kai ki gida."

"Gidan wa?"

Ta gyara hularta, ta ja ƙofar da ta fi ƙarfinta har ta buɗe, ta fita.